Likita Ya Ajiye Awartaki

A tashar Faskari, wani mutum mai kumburarren kunci yana yi wa wata dattijuwa ƙorafi.

"Hajiya, ga sabon asibiti an gina da kuɗin mai, amma likita ya ƙi cire mani haƙori."

"Saboda me, Malam?"

"Ya tambaya ko jinina na saurin tsayawa in na yanke. Na ce yakan daɗe. Sai ya ajiye awartaki, wai sai an auna jinina a Zariya. Gobe wanzami zan nufa."

"Ɗana Sha'ibu ma wanzami ya nufa. Bai tambaye shi komai ba."

"Kin ji masu aiki. Ya cire?"

"Ya cire. Muna ta canza tsumma a bakinshi har aka shigo da makara."