Sifikar da Za Ta Kai Gumani

A rumfar Wumpini mai sayar da kayan sauti a kasuwar Tamale, wani mutum ya dire tsohuwar amfilifaya irin ta da, mai kwalaben lantarki biyu a ciki, ya nuna sifikar da ta fi kowacce girma.

"Waccan za ka haɗa mini."

Wumpini ya dubi 'yan kwalaben, ya danne dariya. "Masta, ƙarfin wannan bai wuce ɗaki ba. Waccan kuwa ta gidan biki ce, cin wuta gare ta. Ɗan akuya za ka ɗaura wa amalanke? Ɗauki wannan ƙaramar sifikar, ita da ɗan ƙarfi kaɗan take buɗe murya."

"Wane ɗaki? So nake a ji har unguwar Gumani."

"Wa ke Gumani?"

"Ba ruwanka." Mutumin ya shafa gemu. "Uwar yara ce, ta tafi gidansu. Akwai waƙar da aka sa ranar aurenmu."

"To hau babur ka je mana."

"Ni zan je biko? Ai ita ta tafi."

"Masta, tawa matar da ta koma gidansu a Sagnarigu, manyan sifiku na jera a ƙofar gidan, na ƙure su."

"Ta dawo?"

"'Yan sanda ne suka zo."