Maganin Raguna

A tashar motar Gadau da ke Azare, Babayo makiyayi na rungume da 'yarsa, tana tari kamar haushin kare. Wani dattijo a gefensa ya dube su.

"Malam, me likita ya ba ta?"

"Deksa ya rubuta, Alhaji, na ƙi. Ai shi ake ɗura wa raguna su yi ƙiba."

"Wancan sai an daɗe ana sha. Wannan sau ɗaya ne, kumburin maƙogwaro ya sace. Akwai firednisolon ma, yana aiki, amma wani yaron sai an sake dawo da shi asibiti. Kai da ke nesa, karɓi deksan."

"Bari mu gwada jiƙo a gida tukuna. Alhaji likita ne?"

"Tela ne ni. Daga baya na bi ina tambaya."

"Bayan yaronka ya warke?"

Dattijon ya daɗe yana kallon yadda ƙirjin yarinyar ke lotsawa.

"Jikana ne. Ni ma gida na ce tukuna. A mota ya cika."

Direba na kira, shanun Babayo kuma na can gida babu mai kula da su.

"Allah Ya ji ƙansa," ya ce, ya shiga motar.