Bencin Baba Mai Fenti

Da sunan Allah mai rahama, mai jinƙai. Jama'a, assalamu alaikum.

Malam Liman, Allah ya ƙara lafiya. Shugaban ƙungiyarmu ta masu shaguna, ranka ya daɗe. Mai gidan da yawancinmu muke haya a wurinsa, sannu da zuwa, ka zauna da kwanciyar hankali, yau babu mai yi maka maganar rufi mai yoyo. Maman Auta, uwarmu a wannan layi, da ke Auta, da sauran dangi na kusa da na nesa, Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Ban san abin da ya sa aka zaɓe ni ba. Ni mai gyaran fanka ne. Makaranta kuwa, na shiga ta, ta dube ni, na dube ta, muka rabu lafiya tun ba a yi nisa ba. Da 'ya'yana suka ji ni zan yi jawabi, babbarsu ta ce, “Baba, don girman Allah ban da barkwanci.” Na ce na ji. Uwarsu ta ce, “Ba zai iya ba.” Ta fi su sanina.

Ga baƙin da ba su san shi sosai ba, wanda muka taru dominsa shi ne Baba Mai Fenti, mai rubuta allunan shaguna. Idan ka bi layin nan daga wurin mai faci har zuwa kantin magani, duk allon da ka ɗaga kai ka karanta, daga shagonsa ya fito.

Ya kasance ba ya buɗe gwangwanin fenti sai ya tsallaka titi. Ya tsaya can nesa, hannu a baya, ya kanne ido ɗaya, ya daɗe yana kallon shagonka kamar mai jiran jirgi ya fito daga gajimare. Idan ka ƙosa ka bi shi, sai ya ce, “Tsaya nan. Ka manta naka ne. Kai baƙo ne, ka gaji, rana ta dake ka. Za ka shiga?” Da yawanmu a nan mun tsaya a wannan wuri, mun kalli shagunanmu, mun ce gaskiya ba za mu shiga ba.

Ranar da na je wurinsa da nawa aikin, na tafi da suna a bakina wanda na yi kwanaki ina tsarawa: Babban Kamfanin Injiniyoyin Sanyaya Iska na Zamani. Ya saurare ni har na kai ƙarshe na yi numfashi. Ya ce, “Injiniya, kai da wa?” Na ce ni kaɗai. Ya ce, “To mutumin da zufa ta jiƙa, ga matacciyar fanka a hammata, kafin ya gama karanta wannan ai ya sume.” Abin da ya rubuta mini shi ne, Ana Gyaran Fanka. Sannan ya sa na fito da wata da na gyara bakin ƙofa, ya ɗaura mata ƙyallaye ja da ruwan ɗorawa, ya kunna ta. Ya ce, “Allo yana faɗa, wannan tana nunawa.” Sunan Injiniya kuma ya bi ni har yau, surukaina ma da shi suke kirana.

Ya kasance shawararsa kyauta ce, kuma ba sai ka nema ba. Ka share ƙofarka kafin ka share ciki. Kada mai shigowa ya fara ganin ƙeyarka. Ka ajiye wayar nan, ba ita za ta saya ba. Wanda ya dawo da ƙorafi ka ba shi kujera, domin wanda ya yi fushi da gaske ba ya dawowa. Yakan ce mutum yana manta farashi, amma ba ya manta yadda aka dube shi.

Amma abin da ya fi kowa da shi, bencin nan ne.

Kun san shi, dogon nan mai ɗigon fenti kala-kala, wanda ƙafarsa ɗaya ba ta kai sauran ba. Baba ya ce babu abin da yake korar mai saye kamar shago wayam. Mutum yana son shiga inda ya ga mutum. Saboda haka duk wanda ya buɗe sabon shago a layin nan, da safe sai ya ga Baba yana tahowa da benci a kafaɗa. Ya ajiye a ƙofarka, ya zauna kamar mai jiran layi. Ni a nawa shagon, ya zo da fankar ɗakinsa, lafiyarta lau, ya rungume ta a cinya yana ta huci kamar na ɓata masa lokaci. Mai wucewa ya gani ya ce lallai wannan ya iya aiki, tunda har dattijo yake jira.

Mai Aski ga shi can zaune, ya ƙaryata ni in ƙarya nake. Baba ya yi ta zuwa aski wurinsa kullum safiya, alhali kansa babu gashi ko na rantsuwa. Mai Aski ya ce, “Baba, me zan aske?” Ya ce, “Kai dai kunna injin, ɗan nan, a ji ƙara.”

Malam Liman ya taɓa tare shi ya ce, anya wannan ba yaudara ba ce? Baba ya ce, “Allah gafarta Malam, ni ban ce wa kowa komai ba, zama nake yi. Kuma bencina ba ya zuwa ƙofar wanda ban gwada aikinsa ba.” Gaskiya ne. Kafin ya zauna mini sai da ya sa na kwance fanka na ɗaura a gabansa. Kuma da zarar masu saye na gaske sun fara hana shi wurin zama, sai ka neme shi ka rasa. Ya ɗauki bencinsa ya tafi, ko sallama babu.

Ya kasance yana da wani buri da yakan faɗa idan la'asar ta yi sanyi, yana wanke burushi, ruwan yana juyawa daga shuɗi zuwa kore. Yakan ce yana son ya ga ranar da zai tsaya a bakin layin nan ya hangi kowace ƙofa a buɗe, kowace da mutum a gabanta, har shi ya rasa inda zai kai benci.

Yanzu, jama'a, ku ba ni kunnuwanku, domin nan ne barkwancin ya ƙare.

Mutumin da ya rubuta wa kowa allo bai taɓa rubuta wa kansa ba. Shagonsa babu ko harafi ɗaya a samansa. Shi ne allon, da hularsa mai fenti, a bakin ƙofa. Tun da ya rasu, 'yarsa Auta ce take buɗe shagon kowace safiya. Duk mun san tun da hannun Baba ya fara rawa ita take jan haruffa, shi yana gefe yana cewa ƙara kaɗan, rage kaɗan. Amma baƙo ya zo ya ga babu tsoho, babu allo, ya juya. Mu kuma mutanen kirki, sai mu leƙa mu ce “Ya haƙuri?” mu wuce, wai kunya muke ji kada mu dami marainiya da maganar aiki. Kunyarmu ta bar ta ita kaɗai da gwangwanaye. Maman Auta ta gaya mini, kuma ta yarda in faɗa a nan, cewa Auta ta yanke shawarar mayar wa mai gida makullin shagon ƙarshen watan nan.

Ranar da na ji haka, da rana aka ɗauke wuta, fankokina duka suka tsaya, na jingina da bango barci ya sace ni. Sai na ga layinmu kamar an wanke shi. Allunan duka sababbi, fentin bai bushe ba, suna sheƙi. Ƙyallayen ƙofata suna tashi alhali babu wuta. Ga Baba yana tahowa a hankali da benci a kafaɗa, yana duba ƙofa ɗaya bayan ɗaya, kowace da mutanenta. Ya iso ƙofarsa ya tsaya. Ya waiwayo ya ce, “Injiniya, nan fa?” Ni ba malamin mafarki ba ne, amma wannan ko ni na gane shi.

Maman Auta, na gode da kika ba ni aron bencin. Yana shagona yanzu. Gobe da safe zan ɗauke shi, in bayana ya yarda, in ajiye shi a ƙofar Auta. Na riga na sauke allona, zan riƙe shi a cinya, kuma ni ba sai na yi wasan kwaikwayo ba, rana ta cinye shi har ya fara kama da ni. Mai Aski, akwai wurinka. Tela, naka allon ma ya isa ritaya. Duk wanda Baba ya taɓa zaunawa a ƙofarsa ya san kansa. Idan benci ya cika, a zo da kujera.

Auta, 'yata, ni ma uba ne, na san abin da uba yake so ya gani ko ba ya nan. Aikinki mun gwada shi, yana saman ƙofofinmu. Abu ɗaya muke roƙo: ki tsallaka titi, ki kanne ido ɗaya, ki dawo ki rubuta allon da mahaifinki bai rubuta ba. Gajere dai, kada ki yi irin dogon sunan da na kai wa Baba.

Mai gida, ka yi haƙuri, makullin nan ba zai zo ba.

Na gode muku da kuka jure ni. Allah ya jiƙan Baba Mai Fenti, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Yadda bai bar ƙofar kowa wayam ba, Allah ya sa ya tarar da tasa a buɗe, da masu jiransa a bakinta. Allah ya ba iyalinsa dangana, ya sa albarka a hannun Auta. Amin.

Sai mun haɗu gobe a kan benci. Wanda ya riga zuwa ya tuna ya sa dutse a ƙarƙashin gajeriyar ƙafar.