Shekarar da Ke Cikin Wayar Labbo

A tashar Ƙaura Namoda, cikin motar Zurmi da ke jiran cika, wani dattijo, Labbo, ya miƙa wa mutumin da ke gefensa tsohuwar wayarsa mai madannai.

"Bawan Allah, duba min wagga waya. An ce an sa sunayen mutanen garin Dauran da ɓarayin daji sunka sako a intanet, amma ta ƙi buɗewa."

"Akwai data, Baba?"

"Yau da safe anka sa min."

"Bari in share tarkacen da burauzar ta tara. A'a, har yanzu ta ƙi. Kana cire batir?"

"Kullum. Biyu gare ni, ina musanyawa, kada ɗana Imrana ya kira ya iske ta a mace."

"Matsalar ke nan. Duk cirewa sai kwanan wata ya koma 2009, shafin kuma ba ya buɗe wa waya mai tsohuwar shekara. Na gyara, ga shi ya buɗe."

"Karanta min. Imrana Labbo."

Mutumin ya yi ta dannawa ƙasa, layi bayan layi.

"Su goma sha ɗaya ne, Baba. Babu Imrana."

"Allon ƙarami ne, ƙila ya yanke."

"Sau biyu na kai ƙarshe."

Labbo ya dubi wayar a hannun mutumin.

"Wace shekara ka ce ta koma?"

"2009."

"Lokacin har kwana muke a gona, ba mai taɓa mu. Imrana na goye a bayan uwarsa. Don Allah mayar min da ita can."