Ruwa, Abinci da Rumfa

A tashar bas ta garin Silver Spring, can a ƙasar waje, Chundung, wata nas mai jiran motar zuwa aiki, ta kashe waya tana tsaki. Dattijon da ke gefenta ya ji ta yi mita da Hausa, suka gaisa.

"'Yata, da wa kike faɗa haka?"

"Da ma'aikatan kula da dabbobi, Baba. Maƙwabcina ya kulle karensa a keji, wata shida ba mai ko kallonsa. Sau uku ina kai ƙara."

"Ƙarar kare?" Ya yi dariya. "Mutanen ƙasar nan ba su da aikin yi. Har da ofis?"

"Har da mota da kaki. Suka zo da takarda suna dubawa: akwai ruwa, akwai abinci, akwai rumfa. Wai doka ta cika, suka rufe fayil."

"To me kike so, su yi masa aure?"

"Wuni yake yana kuka. Na ce kaɗaici ne ke cinsa, suka ce fom ɗinsu ba shi da gurbin wannan."

"Gaskiyarsu. Ni ɗin nan ɗana likita ne, ya ajiye ni a ɗakin ƙasan gidansa. Abinci na firji, ruwa na famfo, ɗaki da ɗuminsa. Jikokina su ɗaga mini hannu su wuce. Kin ji na kai ƙara?"

Chundung ta dube shi da kyau. "Wace bas kake jira, Baba?"

"Ba na jiran kowacce. Nan nake zuwa kullum in zauna, ko Allah zai kawo mai jin Hausa."