Tsakar Gidan Malama Rakiatu

Ranar da aka binne matarsa Rakiatu, Malam Alidu ya kulle tsakar gidan da take karantar da mata.

Bayan shekara uku, wata rana yana jiran mota a unguwar Alabar, sai wata budurwa ta zauna gefensa.

"Baba, ka san wurin taro mai araha? Mu malaman yaƙi da jahilci ne, mu ɗari, duk aikin sa kai."

"Ku kama otal wajen fadar Manhyia. Can ake tattauna talaka cikin sanyi."

"Kuɗinmu bai kai ba. Rumfar da muka samu kuma ta makoki ce, ja da baƙi."

"Ta dace da karatun zamani."

Ta yi dariya. "Ni gidan Malama Rakiatu nake so, inda uwata ta koyi rubuta sunanta. Amma an ce mijinta ko sallama ba ya amsawa."

"Ga shi yana amsawa. Ku zo da tsintsiya. Ɗari da ashirin ta taɓa zaunarwa a wurin."

Shekara ashirin yana kiran ajin hayaniyar mata. Bai taɓa gaya wa Rakiatu cewa kullum sai ya ƙirga takalman bakin ƙofa ba.