Mai Ganga da Koriyar Riga

Ga ta nan, ga ta nanku. Ta zo, muna saurare.

An tashi daga kallon ƙwallo, wata dattijuwa na jiran mota a tasha, sai ga wani rataye da ganga.

"Malam, kai ne ka saki kiɗa da aka ci golan masu jar riga?"

"Ni ne, Mama."

"Ɗana ne. Da aka fara masa ihu na ga yana cire safar hannu, na ce shi ke nan, ya bar ƙwallo. Gangarka na tashi, fili ya ɗauki tafi, ya mai da safarsa. Allah Ya yi maka albarka!" Ta dubi rigarsa. "A'a! Ai koriya ce a jikinka!"

"Mama, rage murya, mutanenmu na kusa. Bayan kiɗan nan yaronki ya hana mu sakat."

"To me ya kai ka?"

"Ni ma na taɓa zama gola. Ranar da aka yi min ihu, babu mai ganga."

Dattijuwa ta shiga mota tana ta sa masa albarka. Yaron na nan yana tsaron ragarsa, mai ganga kuwa har yau abokansa na yi masa tsiya.